SHARE FAGEN SHIGA MAKARANTUN KOYON AIKIN LAFIYA: JAGORA GA ƊALIBAI DA IYAYE

Gabatarwa

Kowace shekara dubban samari da 'yan mata a ko'ina cikin Nijeriya sukan nemi shiga jami'o'i da kwalejoji domin su koyi aikin likita, ko jinya, ko ungozoma, ko haɗa magunguna. Gurabe kuwa ba su kai yawan masu nema ba, ko kusa. Amma in an duba waɗanda aka bari a baya, za a tarar da yawansu ba rashin basira ne ya kayar da su ba. Wani sai ya kai aji shida kafin ya gane cewa bai ɗauki darussan da ake bukata ba. Wata ta ci kome da kome, Lissafi kaɗai ya tsaya mata. Wani kuma iyayensa sun sayar da gona sun kai shi makarantar da hukuma ba ta san da zamanta ba, ya fito bayan shekara uku da takardar da ba ta da amfani.

An shirya wannan ƙasida ne domin a rage irin wannan hasara. Abin da take son ta tabbatar wa mai karatu guda ɗaya ne, watau karatun share fage shi ne harsashin aikin lafiya gaba ɗaya. Da shi ake samun shiga makaranta, da shi ake jimre wa karatun ciki, kuma ran majinyaci yana rataye da shi bayan an fara aiki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da aka faɗa wa ɗa namiji a nan, ya shafi 'ya mace daidai wa daida.

1. Yadda Abin Ya Faro

Koyar da aikin likita a ƙasar nan ya soma ne da Makarantar Likitanci ta Yaba, a Legas, a 1930, wadda ta riƙa yaye mataimakan likitoci. A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan da sashen likitanci a cikinta, asibitinta na koyarwa kuma aka buɗe shi a 1957. Jami'ar Legas ta bi baya a 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta kafa nata sashen a 1967. Kafin wannan lokaci, mai son zama cikakken likita sai ya ƙetare teku, kamar yadda Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, ya yi karatunsa a Ingila.

Bayan taron duniya na Alma-Ata a 1978, wanda ya ɗora muhimmanci a kan kiwon lafiya matakin farko, hankali ya ƙara komawa kan ma'aikatan da za su zauna cikin ƙauyuka da unguwanni. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ƙarfafa wannan tsari ƙwarai. Saboda haka ne yau ƙofofin shiga aikin lafiya suke da yawa, kuma ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan babu wadda ba ta bukatar ƙarin ma'aikata.

2. Ayyukan Lafiya Da Tsawon Karatunsu

Kuskure ne a ɗauka cewa wanda bai zama likita ba ya rasa aikin asibiti. Asibiti tamkar gida ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da ma'aikatansa, kowane aiki kuma da hukumar da ke kula da shi. Ga manyan hanyoyin:

(a) Likitanci da likitancin haƙori. Shekara 6 a jami'a, sa'an nan shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, kafin a ba mutum cikakkiyar rajista. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda asalinta ya faro a 1963, ita ke kula da su.

(b) Jinya da ungozoma. Digirin jinya a jami'a shekara 5 ne. Tsohon tsarin makarantun jinya shekara 3 ne, amma yawancinsu sun koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma, shekara 2 kowace. Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ita ke ba da lasin.

(c) Haɗa magunguna. Shekara 5 ko 6, gwargwadon irin digirin da jami'ar ke bayarwa, da shekara 1 ta sanin makamar aiki.

(d) Kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, watau awon jini, da fitsari, da majina da makamantansu. Digirinta shekara 5 ne, kuma majalisar da ke kula da ita ta sami dokarta a 2003.

(e) Ɗaukar hoton cikin jiki, da aikin gashi da motsa gaɓoɓi, da awon ido. Waɗannan sukan ɗauki shekara 5 zuwa 6.

(f) Kiwon lafiyar al'umma. Ana koyon wannan a kwalejojin fasahar kiwon lafiya. A tsarin da aka saba, ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma yakan yi shekara 2, babba kuma shekara 3. Hukumar yi musu rajista an kafa ta a 1992. A irin waɗannan kwalejoji ne kuma ake horar da duba-gari da masu adana bayanan majinyata.

Ko da yake hanyoyin sun bambanta, kusan dukkansu daga tushe ɗaya suka fito: kiredit a darussa biyar na sakandare, watau Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis.

3. Darussa Biyar Da Dalilin Neman Su

Ɗalibai da yawa suna ganin waɗannan darussa kamar shinge ne da hukuma ta gindaya domin ta rage yawan masu nema. In ɗalibi ya ga inda kowane darasi yake aiki a gefen gadon majinyaci, zai karanta shi da wata irin niyya dabam. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Lissafi. Yawancin magungunan yara da nauyin jiki ake auna su. Alal misali, a ce likita ya rubuta wa yaro mai nauyin kilo 12 maganin zazzaɓi na farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo. Sai a ninka 15 sau 12, a sami miligiram 180. Kwalbar da ke hannu kuwa an rubuta mata cewa kowane mililita 5 yana ɗauke da miligiram 120. To, sai a raba 180 da 120, a sami 1.5, a ninka shi sau 5. Amsa ita ce mililita 7.5. Yanzu dubi wannan ɗan ɗigo da ke tsakanin 7 da 5. In ma'aikaci ya yi sakaci da shi ya karanta 75, ya ba yaro ninki goma na abin da ya kamata ke nan, kuma yawan wannan magani yana lalata hanta.

Ga wani misalin. An ce a ƙara wa majinyaci ruwa mililita 500 cikin awa 4, robar ƙarin ruwan kuma irin wadda ɗigo 20 ke cika mililita 1 ce. Ɗigon duka ya zama 10,000. Awa 4 minti 240 ne. In an raba 10,000 da 240, za a sami kimanin ɗigo 42 a kowane minti. Nas takan yi irin wannan lissafi da tsakar dare, tana tsaye, ba malamin da zai duba mata. Saboda haka ɗalibi ya ƙware a kan rabawa, da ɓangarorin lamba, da kaso cikin ɗari, da juya ma'auni daga giram zuwa miligiram, daga lita zuwa mililita, har su zame masa kamar ƙirga kuɗin aljihunsa. Waɗannan misalai na koyon lissafi ne kawai. Rubuta magani aikin wanda aka horar ne.

Kemistiri. Ruwan gishirin da aka fi ƙara wa majinyata ta jijiya yana da gishiri kaso 0.9 cikin ɗari, watau giram 9 a kowace lita, domin wannan adadi ya yi kusa da kaurin ruwan jini. In da za a zuba zallan ruwa a jijiya, ƙwayoyin jini za su sha ruwa su kumbura su fashe. Haka kuma ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa: sukarin ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin zuwa cikin jiki. Shi ya sa tilas a narka ƙunshin cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, domin in gishiri ya yi yawa yana cutar da yaron. Wanda ya fahimci darasin kauri da tsarma, da na tsami da kishiyarsa, da yadda sinadarai ke haɗuwa, ya riga ya riƙe mabuɗin ilmin magunguna.

Bayoloji. Shi ne ya fi kusa da aikin, kuma a nan ne ɗalibai suka fi dogara da haddacewa. Haddar sunayen ƙasusuwa 206 na jikin baligi tana da amfani, amma fahimta ta fi ta. Ɗauki darasin gado. In namiji mai rukunin AS ya auri mace mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai SS, watau mai cutar sikila. Ma'anar wannan ita ce kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar mai SS ɗaya ba ta kare uku da ke biye da shi. Ma'aikacin da bai gane wannan ba zai ɓatar da ma'aurata da shawararsa. Haka darasin rayuwar sauro da ƙwayar zazzaɓin da yake ɗauka, da zagayen jini, da numfashi, da rukunonin jini A, B, AB da O. Duk tun sakandare ake fara su, a manyan makarantu zurfafa su kawai ake yi.

Fizis. Ana rataye jakar ƙarin ruwa sama da majinyaci domin tsawon da ke tsakani shi ke ba ruwan ƙarfin shiga jijiya. Awon hawan jini, da ake rubutawa kamar 120 bisa 80, awon matsi ne. Tabarau da madubin likita da ake duba ƙwayoyin cuta aikin lanƙwasa haske ne. Hoton ƙashi ya samo asali daga hasken da wani masani Bajamushe, Rontgen, ya gano a 1895, hoton cikin mai juna biyu kuma da sauti ake ɗaukarsa. Har ajiye alluran rigakafi, waɗanda yawancinsu ke bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, yana bukatar wanda ya san ma'aunin zafi.

Turanci. Da shi ake koyarwa, da shi aka rubuta littattafai, da shi ake rubuta rahoton majinyaci wanda wani ma'aikacin zai karanta ya yi aiki da shi. Kalmomin likitanci da yawa daga Girkanci da Latin suka fito, kuma harafi ɗaya yana juya ma'ana. Kalmar da ta fara da "hyper" tana nufin abu ya yi yawa, wadda ta fara da "hypo" tana nufin ya yi kaɗan. Mai ciwon sukari da sukarinsa ya faɗi, in aka yi masa maganin wanda nasa ya hau, ana iya rasa shi. Bugu da ƙari, kada ɗalibi ya yi watsi da harshensa na gida. Ungozomar da za ta yi wa mace bayani da Hausa, ko Fulfulde, ko Yarbanci, ko Ibo, ko Tibi, ita ce za a saurara.

4. Jarrabawoyin Da Ke Kan Hanya

Mataki na farko shi ne zaɓen darussa a ajin farko na babbar sakandare, wanda aka fi sani da aji huɗu. Nan ne hanya take rabuwa. Yaron da ya shiga sashen fasaha ko na kasuwanci, ba zai zauna jarrabawar Kemistiri da Fizis ba, kuma gyara wannan daga baya yakan ci shekara ɗaya ko biyu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar kammala sakandare, ta hannun Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko Hukumar Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, wadda aka kafa a 1999. Sakamako daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 ba su isa ba. Jami'o'i da yawa suna son mai neman likitanci ya sami kiredit ɗin biyar a zama ɗaya. Kwalejojin jinya da na fasahar kiwon lafiya sukan karɓi zama biyu, ba fiye ba. Akwai kuma jarrabawar gwajin aiki da hannu a darussan kimiyya uku, saboda haka ɗalibin da bai taɓa riƙe kwalbar awo ba sai ranar jarrabawa, ya shiga da rauni.

Mataki na uku shi ne jarrabawar Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, JAMB, wadda aka kafa a 1978. Tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Darussa huɗu ake zaunawa. Ga mai neman likitanci, ko jinya, ko haɗa magunguna, su ne Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗayan sauran, cikin awa 2, jimlar maki kuma 400. In an raba lokacin, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Wannan ya nuna cewa sani kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sauri. Tun daga 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake yin rajista, kuma ƙa'idar shekarun shiga manyan makarantu ita ce 16.

Mataki na huɗu shi ne tantancewar da kowace makaranta ke yi da kanta. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa ga ƙasa baki ɗaya ba shi ne makin shiga likitanci ba. Kowace jami'a tana da nata, kuma na darussan lafiya yana cikin mafiya tsawo. Ɗalibi ya karanta littafin jagora na hukumar na shekarar da zai zauna, domin ƙa'idodi sukan canja. Matambayi ba ya ɓata.

5. In An Sami Cikas

Faɗuwa a karo na farko ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Akwai hanyoyin share fage da hukuma ta amince da su.

Na ɗaya, sake zama. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma WAEC ta fara gudanar da tata da kwamfuta a 2024. Wanda darasi ɗaya ko biyu suka tsaya masa, ya zauna ya gyara su da gaske.

Na biyu, karatun share fage na jami'o'i. Jami'o'i da dama suna da shiri na kimanin shekara guda domin ƙarfafa ɗalibi a darussan kimiyya. Makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa misali ce da aka sani. Amma a lura, mai wannan karatu yawanci sai ya zauna jarrabawar JAMB, kuma kammala shi ba alkawarin gurbin likitanci ba ne.

Na uku, karatun babban mataki, wanda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Akwai IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita tun 1976, da JUPEB, wadda aka kafa a 2014 da jagorancin Jami'ar Legas. Ana karanta darussa uku cikin zurfi, kusan shekarar karatu guda. Guraben wannan hanya a sashen likitanci kaɗan ne, saboda haka sai da sakamako mai kyau ƙwarai, kuma takardar neman shigar ta hannun JAMB take bi.

Na huɗu, hawa mataki-mataki. Ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma yana iya ƙaro karatu ya zama babba. Nas mai rajista tana iya shiga jami'a ta sami digiri. Wannan hanya ta fi tsawo, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ya kamata a sani kuma cewa share fage bai ƙare a bakin ƙofa ba. Shekarar farko ta likitanci Bayoloji ce, da Kemistiri, da Fizis, kuma sai wanda ya ci su yake wucewa zuwa ilmin sassan jiki. Makarantun jinya su ma sun saba tace sababbin ɗalibai da jarrabawa bayan watannin farko. Wanda ya shiga da sakamakon da ba guminsa ba, a nan asirinsa yake tonuwa.

6. Yadda Ake Karatun Share Fage

(1) Ka nemi manhajar jarrabawa. Hukumomin suna wallafa ta. Ka riƙa sa alama a kan kowane batu da ka gama.

(2) Ka tsara jadawali wanda za ka iya kiyayewa. Awa 2 ko 3 kullum, tsawon shekara, sun fi kwana a zaune mako guda kafin jarrabawa. Ka ba darasin da ya fi yi maka wuya lokacin da kanka ya fi sakewa, kamar da sassafe.

(3) Ka rufe littafi ka gwada kanka. Maimaita karanta shafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Gwaji na gaskiya shi ne ka zana zuciya da ɗakunanta huɗu daga ka, ko ka warware lissafi ba tare da leƙa amsa ba. Bayan kwana uku ka sake, bayan mako guda ka sake.

(4) Ka yi tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka. Ka ajiye littafi na musamman inda kake rubuta duk tambayar da ka faɗi da dalilin faɗuwar. Wannan littafi zai fi maka kowane malamin haya amfani.

(5) Ka haɗa kai da abokai uku ko huɗu masu himma, kowa ya riƙa koya wa sauran batu ɗaya. Abin da ka iya bayyanawa da harshenku na gida har ƙaninka ya gane, shi ne ka sani.

(6) Ka saba da kwamfuta tun da wuri. In makarantarku ba ta da ita, ka nemi cibiyar da ake gwaji, kuma ka zauna jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa.

(7) In ɗakin gwaje-gwajen makarantarku ba shi da kaya, ku nemi shugaban makaranta ya shirya muku ziyara zuwa wata makarantar da ke da su.

7. Hattara Da Ramukan Da Ke Kan Hanya

Makarantun bogi. Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar majalisar da ke kula da aikin ta amince da makarantar, kuma ta amince da wannan kwas ɗin kansa. Jami'a tana bukatar amincewar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, kwaleji mai ba da difloma kuma ta Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna. Majalisun suna wallafa sunayen makarantun da suka amince da su a shafukansu na intanet. Babban allo a bakin titi da fararen riguna ba hujja ba ne.

Wuce adadi. Kowace makaranta tana da yawan ɗaliban da aka yarda ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Majalisa takan shigar da sunayen ɗalibai cikin kundinta bisa wannan adadi, kuma wanda sunansa bai shiga ba ba zai sami lasin ba. Iyaye su yi tambaya a kan wannan.

'Yan damfara. Tun daga 2017 ta na'urar JAMB ake tabbatar da gurbin karatu, ɗalibi kuma da kansa yake karɓa ko ya ƙi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi ta bayan gida, ko ya ƙara maki, ɓarawo ne.

Maguɗin jarrabawa. Dokar 1999 ta mai da shi laifin da ake hukuntawa da tara ko ɗauri, ban da soke sakamako. Fiye da wannan, wanda ya sayi kiredit a Kemistiri, wata rana ɗan wani zai kwanta a gabansa.

Saɓanin suna. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardar shaidar ɗan ƙasa, da ta sakandare, da ta JAMB. Bambancin harafi ɗaya yana iya jawo wahala mai tsawo.

Karatu a ƙasashen waje. Wanda ya yi likitanci a waje, sai ya ci jarrabawar tantancewa ta Majalisar Likitoci kafin ya yi aiki a Nijeriya. A bincika matsayin makarantar kafin a tafi.

8. Kira Ga Iyaye Da Shugabanni

A wurare da yawa mata sun fi sakin jiki da ma'aikaciya mace, musamman wajen awon ciki da haihuwa, har wata takan gwammace ta haihu a gida in ba ta sami mace a asibiti ba. Ungozomar da za ta karɓi haihuwa nan da shekara bakwai, yau tana aji huɗu, in an bar ta ta ci gaba. Shirin nan na samar da mata ma'aikatan lafiya da aka fara a 2012 a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara ya ɗauko 'yan matan karkara ya ba su shekarar share fage, kuma da yawansu suka shiga makarantun jinya da ungozoma. Wannan ya nuna cewa basira tana nan a ƙauyuka, tushe ne ya yi ƙaranci.

Iyaye su rage wa ɗalibi aikace-aikacen gida a shekarar jarrabawa, su samar masa fitila da wurin karatu. Kada kuma a tilasta wa yaro likitanci don suna, alhali zuciyarsa tana wani fannin. Game da kuɗi, dokar 2024 ta kafa asusun ba da rance marar ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, jihohi da dama kuma suna da hukumomin tallafin karatu. Sarakuna, da malamai, da ƙungiyoyin ci gaban gari suna iya shirya darussan hutu a kan Lissafi da kimiyya, da ɗan abin da ba zai gagare su ba.

Tambayoyin Gwaji

1. Faɗi darussa biyar da ake neman kiredit a cikinsu, da darussa huɗu na jarrabawar JAMB ga mai neman jinya.
2. Yaro mai nauyin kilo 8 an rubuta masa miligiram 15 ga kowane kilo. Kwalba tana da miligiram 120 a mililita 5. Mililita nawa za a ba shi?
3. Giram nawa ne na gishiri a cikin mililita 500 na ruwan gishiri mai kaso 0.9 cikin ɗari?
4. Za a ƙara ruwa mililita 500 cikin awa 6, ɗigo 20 a mililita. Ɗigo nawa ne a minti?
5. Mai AA ya auri mai AS. Za su iya haifar mai SS?

Amsoshi: ta 2, mililita 5, ta 3, giram 4.5, ta 4, kimanin ɗigo 28, ta 5, a'a, sai dai AA ko AS. Amsar ta 1 tana cikin kashi na 2 da na 4.

Wanda ya amsa su duka ba tare da leƙe ba, ya kama hanya. Wanda ya faɗi wasu, ya koma kashi na 3 da takarda da alƙalami, ya sake bin misalan a hankali. In ka gama da wannan ƙasida, ka miƙa wa wani ɗalibi, ko ka karanta wa iyayen da ba su iya karatu ba.